MUN AIKE SU NEMAN ILIMI, ƊAN JAGORA YA KAI SU RARRAFE

Zuwa ga komitocin Dogondutsi, Matankari, Kiyeshe, Dankasari, Tibiri, Dumega da Kore Mairuwa. A karanta wagga takarda a bainar taro. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

'Yan'uwa, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau za mu faɗe ta a fili, wanda ta taɓa ya yi haƙuri.

Kowace shekara ƙasar Arewa tana fidda 'ya'yanta zuwa ƙasashen waje. Wani ya samu burs na karatu, wani ma'aikaci ne an tura shi misiyon, wani wakilin ƙungiyar manoma ne ko ta matasa, wani kuma ubansa ne ya sayar da bijimi da rumbun wake don a biya masa jirgi. Muka raka su tasha, tsofaffi suka sa albarka. To, ga shi wasu daga cikinsu suna komowa, ka tambaye su labarin ƙasar da suka je, sai su zaro waya su nuna maka hotunan dare: su ne nan cikin ayarin baƙi, kowa da kofi a hannu, da wani zaren roba ɗaure a wuyan hannu, suna bin wani saurayi mai ɗaga tuta. Suna faɗin abin da alfahari, ƙannensu da ke benci a lakwal suna saurare baki buɗe. Mu da ke tsaye gaban allo muna jin abin da yaran nan ke maimaitawa da safe, shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

YADDA AKE YIN SA

Sai mu bayyana abin tukuna, don kada a ce muna sukar abin da ba mu fahimta ba. A manyan biranen Turai, da wasu na Asiya da Amurka, akwai kamfanoni masu tara baƙi da dare su zaga da su gidajen giya. Sunan da Turawan Ingila suka ba wanga yawo, in an juya shi da Hausa, shi ne rarrafe daga mashaya zuwa mashaya. Su da kansu suka raɗa masa sunan, sun kuwa san dalili: wanda ya fara da ƙafa biyu yakan ƙare da huɗu.

Baƙo ya sayi tikiti a masaukinsa ko ta waya. Wajen ƙarfe 8 ko 9 na dare a taru a wani dandali. A ɗaura ma kowa zare a hannu, kamar yadda ake sa ma dabba alama a kasuwa don a san ta wane ce. Ɗan jagora ya shige gaba. A shiga mashaya ta fari, a miƙa ma kowa ɗan ƙaramin kofin barasa a ce kyauta ne. Kafin ka gyara zama an ce a tashi, a nufi ta biyu, ta uku, ta huɗu, a ƙare a gidan rawa bayan tsakar dare. Nan ɗan jagora ke sallama. Yadda za ka koma masauki, kai ta shafa.

BANZA BA TA KAI ZOMO KASUWA

Duk wanda ya taɓa tsayawa karar dabbobi ta Dogondutsi ran Juma'a ya san dillali. Dillali yana cin la'ada, kuma ba mu ga laifinsa ba, don yakan haɗa mai saye da mai sayarwa kowa ya tashi da abinsa. To ku dubi wanga ɗan jagora da idon kasuwa. Baƙo ya biya shi kuɗin tikiti. Mai mashaya kuma ya yarda da ba da kofin fari a banza, ko ma ya ƙara masa da kamasho, saboda ya san ayarin da aka koro masa zai sayi kofi na biyu da na uku a kan farashin da ya yanka. A cinikin ga, wane ne mai saye, wane ne mai sayarwa, wace ce hajar? Hajar ita ce baƙon. Shi aka koro, shi aka ƙirga, kansa aka karɓi la'ada, kuma shi ne ya biya kuɗin korar tasa. Ko akuya ba a taɓa sa ta biyan dillali ba.

Mu yi lissafi irin na aji, da alli. Yuro ɗaya tamma 655 ne da ɗoriya, farashin a ɗaure yake. A ce tikiti Yuro 20, jika 13 ke nan da 'yan kai. A ce abin sha da ya biyo baya da motar komawa masauki sun ci wasu Yuro 40. Jimla Yuro 60, wato sama da jika 39. A shekarar 2024 aka maida mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 a wata. Ashe abin da lebura zai yi wata guda cur yana ɗaukar kaya kafin ya gani, shi ɗanmu ke zubarwa tsakanin isha'i da asuba. Ku juya wanga kuɗi zuwa tiyar gero a watan bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ku gaya mana gida nawa zai riƙe.

MASU GARIN MA SUN GAJI

Masu kare abin nan sukan ce ai al'adar ƙasar ce, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya sai ka nemi taka. To bari mu ji daga bakin masu garin. Birnin Basalona na ƙasar Sifen ya hana wanga yawo a tsohuwar unguwarsa tun 2012, ya kuma faɗaɗa hanin a 2025. A watan Janairu na 2020 hukumar tsibiran Baleyar, can Sifen ɗin dai, ta hana shi a Magaluf da wasu wuraren shaƙatawa na Mayorka da Ibiza. A 2023 birnin Amstadam ya buga talla takanas yana gaya ma samarin Ingila masu zuwa don buguwa su yi zamansu a gida. A watan Oktoba na 2024 majalisar birnin Farag ta ƙasar Cek ta yanke cewa kamfanoni ba za su ƙara zagawa da baƙi mashaya ba daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Dalilinsu guda ne ko'ina: ihu cikin dare, amai da fitsari a ƙofar gidajen mutane, da zubar da mutuncin gari.

Abin da mai gida ya share ya kai juji, shi baƙonmu ke tsinta ya ce ya samo wayewa. Mutumin Basalona da ke tashi aiki da asuba ba ya cikin ayarin nan. A ayarin, baƙo ne ke gaban baƙo, baƙo ke bayansa. Ɗanmu ya kwana bakwai a birni bai yi hira da ɗan gari ko guda ba in ban da mai zuba masa giya.

Akwai kuma hatsarin rai. A watan Nuwamba na 2024, a garin Bang Biyang na ƙasar Lawos, wanda ya yi suna wajen shayar da matasan baƙi da araha, 'yan yawon buɗe ido 6 suka mutu bayan sun sha barasar da ke da gubar metanol: biyu daga Ostareliya, biyu daga Danmak, ɗaya daga Ingila, ɗaya daga Amurka. Waɗannan 'ya'yan ƙasashe ne masu ofishin jakadanci ko'ina, da jaridu masu ƙarfi, duk da haka gawa aka mayar gida. Ina ga ɗan Matankari da bizar 'yan kwanaki a aljihu? In rigima ta ɓarke a ƙofar gidan rawa 'yan sanda suka zo, Bature ya biya tara ya hau jirgi, ya komo baɗi. Namu, takardarsa ce za ta ɓaci, kuma na bayansa da zai je neman biza shi zai sha tambaya. In fasfo ya faɗi a cikin maye, ɗan jagora ya riga ya yi barci a gidansa.

MU TUNA BAYA

Wanga al'amari yana da tsohon tarihi. A 1890 a Burusel, da kuma 1919 a San-Jarman, ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar taƙaita sayar da barasa mai ƙarfi a Afirka, wai don su kare mu kamar yara. A zamanin nan kuwa, kafin yaƙin 1914, harajin barasar da ake saukewa a bakin teku yana cikin manyan abin da ke cika baitulmalin Turawa a kudancin Nijeriya. Inda hani ke da amfani gare su sun hana, inda riba take sun sayar. A 1931 a Bansan, gefen Paris, aka yi babban bajekolin ƙasashen mulkin mallaka, aka kai 'yan Afirka aka ajiye cikin bukkoki, jama'a na biya suna kallo. Kakanninmu ba su zaɓi a yi kallonsu ba. Mu kuwa yau da kuɗinmu muke sayen zaren da za a ja mu da shi a titi.

Amma tarihin nan dai ya nuna mana wata irin tafiya. A 1946 wakilan Afirka suka je majalisar Paris. Gidajen rawa na Pigal suna nan a buɗe a lokacin, Mulan Ruj tun 1889 yake. Abin da aka komo mana da shi shi ne dokar 11 ga Afrilu 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, wadda ta kashe aikin dole, da dokar Lamine Guèye ta 7 ga Mayu. Tsofaffin da suka fasa dutse a kan hanya ba lada sun san nauyin wagga tsaraba. Haka kuma ɗan ƙasarmu Oumarou Ganda, wanda ya yi soja a Indoshin, ya yi lebura a tashar jirgin ruwa ta Abijan, ya gargaɗe mu cikin siliman ɗinsa Cabascabo da aka nuna a Kan a 1969: tsohon soja ya komo da kuɗin yaƙi, abokan shaye-shaye suka taya shi cinyewa, da aljihu ya bushe suka watse.

AMSA GA MASU GARDAMA

Za a ce mana: kuɗinsa ne, ina ruwanku? In guminsa ne shi kaɗai, tsakaninsa da iyalinsa da Mahaliccinsa, wa'azi kuma aikin malamai ne. Amma burs daga ina yake fitowa? Kuɗin misiyon daga ina? Daga lanho ne, daga jangali da harajin kasuwa, daga tsohuwar da ke biyan tikitin rumfa a Tibiri. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Za a kuma ce: saurayi shi kaɗai a baƙon gari, kaɗaici na damunsa, gara ya bi ayari da ya yi yawo shi ɗaya cikin dare. Wagga magana tana da ƙamshin gaskiya, ba mu raina ta ba. Kewar gida ciwo ce, wanda ya yi ci-rani ya sani. Sai dai maganinta yana hannunmu tun zamanin fataken Gwanja. Bahaushe ya isa Salaga ko Kumashi ko Ankara, zango yake nema, ya sauka wurin mai gida. Mai gida ma yana cin la'ada, amma an san sunansa har gida, in baƙo ya ɓace shi za a tambaya, in baƙo ya yi ciwo shi ke jinya. Yau ma da wuya a samu babban birnin Faransa ko Beljik da babu 'yan Nijar ko ƙungiyar ɗalibai a cikinsa. Wane kamfanin rarrafe ne zai zo duba ka a asibiti?

In kuwa daren birni mutum ke son gani, ga dare na gaske. A kudancin Paris akwai kasuwar Ranjis, wadda aka buɗe a 1969, faɗinta ya haura hekta 200. Rumfar kifi tana buɗewa tun wajen ƙarfe 2 na dare, kafin gari ya waye an raba ma miliyoyin mutane nama da ganye da 'ya'yan itace, kuma ana kai baƙi ziyara da asuba. Ɗan Fadama ko ɗan Dallol da ya ga yadda ake sanyaya kaya, da awo, da tantancewa, da lodi, zai komo ya dubi dankali da tumatir da ke ruɓe mana a lambu da wani ido. Ga kuma ma'aikatan ruwa, da gidajen gona, da ɗakunan karatu da ke kaiwa dare a buɗe. Tafiya mabuɗin ilimi ce ga wanda ya tafi da idonsa.

ABIN DA MUKE ROƘON KOMITOCI

1. Duk wanda zai fita waje da kuɗin jama'a ko da sunan ƙungiya, komitin garinsu ya zauna da shi kafin tafiya, a rubuta masa tambayoyi uku da zai nemo amsarsu.

2. A ba shi sunan ɗan ƙasa guda da zai sauka wurinsa ko ya gaishe shi ran da ya isa.

3. In ya komo, ya tsaya gaban taro ran kasuwa ya ba da rahoto, ya kuma kawo lissafin kuɗi a rubuce.

4. Wanda ba shi da abin faɗi sai labarin mashaya, kada a ƙara zaɓensa wakili, ko ɗan wane ne. Talaka da ɗan sarauta mudu guda za a auna su da shi.

5. Malaman lakwal su gayyaci waɗanda suka komo da sana'a ko ilimi su yi ma yara magana a aji.

'Yan'uwa, a nan ƙasar, a Lugu, a watan Afrilu na 1899, Sarauniya ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Voulet da Chanoine, alhali kibau ne a hannun mutanenta, abokan gaba kuwa da bindigogi. Jikokin mutanen nan bai kamace su a ɗaura musu zare a hannu a kora su daga ƙofa zuwa ƙofa kamar tumakin layya ba. Ku tafi, ku gani, ku koyo, ku komo a tsaye.

Wanda ya ji ya gaya ma wanda bai ji ba.

Daga ɗan'uwanku, moniter a wata lakwal ta ƙasar Arewa.