Kafin Ka Sauke Fulogin Sata Don Neman Sautin Jitar Hendrix

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin matasan situdiyo a Samaru da masu kaɗa jita a coci-cocin Sabon Gari: wai tsohon sautin jitar rok, mai gurnani da jujjuya kunne irin na Jimi Hendrix, ba ya samuwa sai an yi odar na'ura daga waje da dala. Wanda ba shi da dala kuma sai ya kashe manhajar tsaron kwamfutarsa, ya cika ta da fulogin sata. Ni a ganina duka biyun asara ce, na farko ya rasa kuɗi, na biyu yana caca da aikin mutane da ke cikin kwamfutarsa. Wannan sauti dabaru ne ƙalilan, kuma duk mai rubuta manhaja zai iya gane su.

Ɗauki gurnanin. Na'urar Fuzz Face da kamfanin Arbiter ya fitar a Landan a 1966 taransista biyu ce kawai da 'yan tarkace. Aikinta shi ne ta ƙara ƙarfin sauti har ya wuce abin da za ta iya ɗauka, sai kan igiyar sautin ya yanke. A manhaja, ka ninka siginar, ka bi da ita ta lissafin tanh, ka samu tushen abin.

Sauran ma haka suke. Amsa-kuwwar Echoplex zaren kaset ne ke ɗaukar sauti, ya sake fito da shi bayan ɗan lokaci, kowane zagaye yana ƙara dusashewa. Sautin nan mai kama da wucewar jirgin sama na waƙar "Bold as Love" ta 1967, kwafi biyu ne na abu ɗaya, ana jinkirta ɗaya da 'yan milisakan, jinkirin yana hawa yana sauka. Uni-Vibe, wadda Hendrix ya taka a Woodstock a 1969, ƙwan fitila ne a ciki yana haske yana dushewa a gaban idanun lantarki huɗu. Jita mai tafiya da baya kuwa, juya zaren kaset ake yi, abin da Audacity ke yi yau da dannawa ɗaya. Audacity kyauta ce, haka Guitarix da Neural Amp Modeler, kuma kowa na iya buɗe kod ɗinsu ya karanta.

Masu ƙin manhaja suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, ban raina ta ba. Fuzz Face ta gaske tana hulɗa kai tsaye da lantarkin jikin jita: ka rage maɓallin ƙara, gurnanin ya lafa, sautin ya washe. Kwamfuta ba ta cika kama wannan ba. To amma maganinsa ma ba dala ba ce. Zanen da'irar na nan a intanet, kuma mai gyaran rediyo a kasuwar Sabon Gari ya saba da abin da ya fi ta wuya. Sai dai a yi ta da taransistar silikon. Ta jameniyam da aka fara da ita zafi na canja mata hali, ga kuma yadda Zariya take a watan Afrilu.

Wani abin da ake mantawa shi ne sautin nan ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ƙungiyar Blo ta fitar da faifan "Chapter One" a Legas a 1973, cike da wannan gurnani, haka 'yan Ofege, waɗanda ɗaliban sakandare ne a lokacin. Mdou Moctar na Nijar, wanda duniya ke yaba jitarsa yanzu, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008. Kunnenmu ma ya daɗe da son sauti mai zuza: kuntigin Ɗan Maraya Jos na da ɗan ƙarfe mai zobba da ke kakkaɗawa tare da tsirkiya.

Shi ya sa kwaikwayon Hendrix kaɗai ya yi mana kaɗan. Kusan duk waƙar da ke fita daga situdiyoyinmu fiyano ɗaya ce, ganga ɗaya, gyaran murya ɗaya. Me zai hana a ɗauki gurmi ko kukuma da makirufo, a bi da su ta amsa-kuwwar kaset, a ji abin da zai fito? Babu kamfanin waje da zai sayar mana da wannan, don ba su da shi.

Shawarata ga mai karatu: a makon nan ka zaɓi dabara ɗaya, ka fara da amsa-kuwwa don ita ce mafi sauƙi. Ka rubuta ta da kanka a Python ko Pure Data, ka gwada a kan abin da ka ɗauka da wayarka. In ta yi daɗi, ka kai wa mai situdiyon unguwarku ya saurara.