Hayar katafila: a ƙidaya awowi

Hanyar kwalta daga Yamai zuwa Damagaram, ta Maraɗi, kusan kilomita 900 ce. Gyaranta yana cin kuɗi. Ɗan kwangila yakan ɗauki hayar katafila da kamyo, a biya awa-awa ko yini-yini. Nan ɓarna take shiga: inji ya kwana uku a lalace, amma a rubuta ya yi aiki. Don haka ma'aikacin gwamnati yake duba kuɗin haya, ya ƙidaya awowi kafin a biya. Manomi ya san wannan: wanda ya yi hayar shanun huɗa ba ya biyan yinin da ba su fita gona ba. Kuɗin hanya, lanho ne ko bashi, talaka ke biya. In sun zube wajen haya, aiki ya tsaya rabi, gero ya rasa hanyar kasuwa.