Sabo Turken Wawa

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, makon nan maganarmu a kan Amurka take. Mutanen can suna da wani wasan ƙwallo da ake jefawa da hannu, mutum 11 kowane gefe. A cikinsu akwai guda da suke kira kwatabak, watau madugun wasa. Shi ke karɓar ƙwallo, shi ke zaɓen wanda zai jefa wa. In ya gyara a ci, in ya ɓata a sha kaye.

Tun da daɗewa masu horar da 'yan wasa suka yanke wa madugu kama guda. Wai lalle ya zama dogo, mai tsayawa wuri ɗaya bayan masu tsaronsa ya yi jifa, kuma shekara da shekaru, ko da ba a faɗa a fili ba, ya zama farar fata. Gajere, ko mai ruga wa da ƙwallo da ƙafarsa, ko baƙin mutum, sai a ce ya nemi wani aiki a fili.

Ga shaida. A 1968 Marlin Briscoe, baƙin mutum, ya yi wa ƙungiyar Denver madugu, ya yi jifa 14 da suka ci maki a shekararsa ta fari. Da shekara ta kewayo ba a bar masa wurin ba, ya koma Buffalo aka mai da shi mai cafe ƙwallo. A 1978 babu ƙungiya ko ɗaya da ta zaɓi Warren Moon. Ya haye Kanada, shi da ƙungiyar Edmonton suka ɗauki kofin ƙasar sau biyar a jere, kana a 1984 Houston ta zo da kuɗi tana nemansa. A 2018 wani tsohon shugaban ƙungiya, Bill Polian, ya ce Lamar Jackson ya fi dacewa da cafe ƙwallo. Sai da aka ɗauki madugai huɗu kafin Baltimore ta ɗauke shi a lamba ta 32. A 2019 ya yi gudun yadi 1,206, aka zaɓe shi gwarzon shekara babu ƙuri'a ɗaya da ta saɓa, ya kuma maimaita sarautar a 2023.

To, me ya sa masu horarwa ke ja da baya? Hujjarsu ta fari ita ce rauni, kuma ba mu ce ƙarya suke yi ba. Mai gudu yana shan karo. Robert Griffin ya haskaka a Washington a 2012, gwiwarsa ta lalace a Janairun 2013, bai sake komawa yadda yake ba. Amma mai tsayawa wuri ɗaya ma ƙattai na danne shi, shi ma ana fitar da shi a kan makara ta asibiti.

Hujja ta biyu ba su cika faɗinta ba. Mai horarwa ya yi shekaru yana haddace tsarin wasa guda. In ya ɗauki sabon irin madugu, tilas ya sake tsari, ya koma ɗalibi da furfurarsa. Baltimore ta yi hakan saboda Jackson, ta ga riba.

Ta uku ita ce gindin maganar, watau tsoron kora. In ya ɗauki dogo irin na gado aka faɗi, sai a ce yaron ne bai iya ba. In kuwa ya ɗauki wanda ya saɓa al'ada aka faɗi, mai ƙungiya shi zai tuhuma. Saboda haka ya gwammace ya faɗi tare da jama'a da ya gwada hanya shi kaɗai. Ku 'yan kasuwa kun san dillalin da ke ƙin sabon kaya mai kyau don kada maigida ya yi masa faɗa. Wuyansa yake karewa, ribar kuwa ta tafi rumfar maƙwabci. A wasan nan kuma wanda ke biyan kuɗin tsoron shi ne yaron da ƙuruciyarsa ke ƙarewa a kan benci.

Gani ya kori ji. A Fabrairun 2023 baƙaƙe biyu, Patrick Mahomes da Jalen Hurts, su suka ja ƙungiyoyinsu a wasan ƙarshe na babban kofi, karo na fari a tarihi. Ra'ayinmu shi ne a auna madugu da abin da ya kawo gida, a bar duban tsawonsa da launinsa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Mai horarwan da ya kasa sake tsari don gwanin da Allah Ya kawo masa, shi ya kamata a sauke.