Daga Kan Tabarmar Asusu: Emasi Har Cikin Ido



A zubin makon jiya wata daga cikinmu ta kawo kuka. Ɗiyarta mai ɗinki tana ganin baƙaƙen ɗigo suna yawo gabanta kamar ƙudaje, ta kore su ba su tafiya. Idon ba ya ciwo, bai yi ja ba. Muka ce ko gajiya ce, wata ma ta ce a ƙara kwalli. Ashe yarinyar tana da emasi, wato sikila, irin wadda ake cewa SC.

Mu dai ciwon ƙashi muka sani. To ga abin da ma'aikatan lafiya suka fahimtar da mu. Jinin mai emasi yana lanƙwashewa kamar lauje, sai ya toshe ƙananan jijiyoyin da ke shayar da tantanin bayan ido, inda gani yake. In wurin ya ji ƙishin jini, sai ido ya tsiro da sababbin jijiyoyi. Su kuwa ba ƙwari gare su ba, kamar reshen kabewa ne. Suna fashewa jini ya zuba cikin ido, ko su ja tantanin ya ɓalle. Abin mamaki, masu SC, waɗanda ciwo bai cika kayar da su ba har mukan manta suna da shi, su wannan ya fi kamawa.

Maganin ɗigawa na kasuwa ba ya kaiwa can, kar mu ɓata kuɗinmu. Likitan ido ne ke buɗe ƙwayar da magani ya leƙa ciki, in ya ga tsiron da wuri ya ƙone shi da hasken leza. Shawarar likitoci, mai emasi ya fara zuwa awon ido daga shekara 10, ya riƙa komawa ko da yana gani garau.

Daga Madarunfa zuwa Maraɗi ba nisa, kuɗin mota ne da na awo ke tsayar da mu. Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jiharmu, asusun taimako na fitar da mu kunyar suna da rasuwa. Mu a ƙungiyarmu mun amince a ƙara awon ido a ciki, an kuma ba uwar yarinyar nata, za su tafi Litinin. Wadda ɗanta ya ga ƙudajen nan, ko duhu ya sauko masa kamar labule, kar ta jira ranar zubi, ta ƙwanƙwasa wa ma'ajiya ƙofa ko da dare ne.