Murtala Da Wazobiya: Laƙabin Ƙananan Takardun Kuɗi Da Hukuncinsu A Ciniki

Ya jama'ar malamai da 'yan kasuwa, ku sani hukuma ita ke buga kuɗi, amma kasuwa ke raɗa musu suna, kuma sunan kasuwa ya fi na hukuma tsawon rai.

Tun zamanin Turawa haka abin yake. Akwai anini, goma ke yin kwabo; akwai ɗari, watau rabin kwabo; sai taro, kwabo uku; sisi, kwabo shida; sule, kwabo goma sha biyu; fam kuwa sule ashirin. Fam ɗari shi ne jaka. Ran 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira, aka ce biyu ke yin fam guda. Mutane suka karɓi sabon kuɗi, suka ƙi sakin tsohon suna: kwabo goma ya zama sule, naira biyu ta zama fam, naira ɗari biyu ta gaji sunan jaka. Har yau ba a rasa dattijo a kasuwar shanu mai lissafi da jaka.

Daga nan suna ya koma bin fuska. A 1977 aka fito da takardar naira ashirin da hoton Janar Murtala Muhammed, Allah ya jiƙansa, shekara guda bayan an kashe shi. Ita ce babbar takarda a lokacin, aka kira ta Murtala, 'yan kudu suka gajarta suka ce Muri. A 1991 naira hamsin ta fito da fuskoki huɗu na kabilun ƙasa, aka sa mata Wazobiya: "wa" na Yarbawa, "zo" na Hausawa, "biya" na Ibo, dukansu kira ne a zo. Naira biyar tana da hoton Abubakar Tafawa Balewa, naira goma Alvan Ikoku, amma sunayensu ba su kama baki kamar na Murtala ba, da ma ƙauna ba a tilasta ta. Da aka fara buga ƙananan nan a kan roba, ashirin a 2007, sauran a 2009, sai aka haɗa su duka aka ce kuɗin leda.

A 2007 ɗin ne kuma aka cire rubutun ajami daga naira biyar, goma, ashirin da hamsin, aka sa Hausar boko tare da Yarbanci da Ibo. Naira ɗari ta bi sahu a 2014. Ajamin nan ba aya ba ne, ba addu'a ba, adadin kuɗin ne kawai da Hausa. To, wanda ajami kaɗai ya iya, an bar shi da launi da fuska, laƙabi ya zama shi ne karatunsa.

Abin lura shi ne yadda sunayen nan ke mutuwa. Yaron yau bai san taro ba. Sisi da anini sun saura a bakin mai cewa ba shi da ko ɗaya. Murtalar da a dā ake ƙullewa a lalita, yanzu ko ƙosai ɗaya da ƙyar. Biyar da goma ba a soke su ba a doka, amma almajiri ma yana duban mai miƙo su da mamaki, mai tebur kuwa sai ya ba da alawa ko ashana a madadin canji. Mai saye in ya yarda da zuciya ɗaya, ciniki ne na biyu, babu laifi. In an cusa masa ne don ba shi da yadda zai yi, to haƙƙi ya rataya a wuyan mai tebur, komai ƙanƙantarsa. Kuɗin Laraba da iyaye ke aika wa malamin allo su ma wannan cutar ta ci su: adadin yana nan yadda kakanni suka saba, abin da yake saya ya tafi.

Sai babbar magana. Malaman Malikiyya sun shar'anta cewa ciniki ba ya inganta sai farashi ya zama sananne ga mai saye da mai sayarwa. Laƙabi yana wadatarwa in al'adar wuri ɗaya ce, gama al'ada abar hukunci ce. Amma fa a Katsina jaka naira ɗari biyu ce, a Maraɗi kuwa sefa dubu ce, watau dala ɗari biyu, domin can dala sefa biyar ce. Mutanen garuruwan biyu suna haɗuwa a kasuwar Jibiya, harshensu ɗaya, jakarsu biyu. A 1980 jakar Najeriya ta fi ta Nijar nesa ba kusa ba. Yau ta Nijar ta ninka ta sau da yawa. Dillali ya ce jaka hamsin, aka tafa, kowa da abin da ke ransa: wannan ba ciniki ba ne, shari'a ce aka shuka.

Bashi ya fi haɗari, don shi yana kwana. Mutum ya rasu, magada suka buɗe gafaka suka sami 'yar takarda an rubuta ana bin wane fam talatin, babu shekara. Fam na Ingila ne, ko naira sittin? In an ce jinginar gona jaka biyu, jakar wace ƙasa, ta wane zamani? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da sa shaidu, ƙarami ne ko babba. Saboda haka malamin da aka kawo wa rubutun bashi, ko sadakin da aka jinkirta, ko wasiyya, kada ya rubuta Wazobiya ko jaka yadda aka faɗa masa. Ya tambayi adadi, ya rubuta shi da lamba da kalmomi, ya ambaci naira ce ko sefa, ya sa rana da wata da shekara, sannan ya karanta wa shaidu biyu su ji kafin kowa ya tashi.