Janye ƙara bayan sulhu: a duba abin da aka rubuta

A wannan wata za mu duba yadda ake janye ƙara daga kotu in masu shari'a sun sasanta.

A watan Oktoba na 2016 wata kotu a nan Injamena ta ci kamfanonin da ke haƙar man Doba, ƙarƙashin jagorancin Esso, tarar dala miliyan dubu 74. Gwamnati ta ce kashi 2 cikin 100 ya kamata su biya a kan man da suke fitarwa, su kuwa suka ce yarjejeniyarsu kashi 0.2 ta ce. Tarar ta ninka abin da ƙasar nan ke samarwa a shekara fiye da sau biyar, kowa kuwa ya san babu mai biyan ta. A watan Yuni na 2017 aka yi sulhu, aka bar maganar tara, aka tsawaita wa kamfanin izininsa har 2050. (Esso ya sayar da hannun jarinsa a 2022, gwamnati ta ƙwace kadarorin a 2023, amma wannan wani zance ne.)

To, abin da manya suka yi da lauyoyinsu, shi ɗan kasuwar Dembe ke yi da baki kawai. Dattawa su zauna, a yi addu'a, a watse, ƙara kuwa tana nan a kotu ba a rufe ta ba.

A tsarin shari'ar da muka gada daga Faransa janyewa iri biyu ce. Akwai wadda mai ƙara zai janye wannan shari'ar kaɗai, haƙƙinsa na nan, gobe yana iya sake shigar da ita. Akwai kuma wadda zai yafe haƙƙin baki ɗaya, ba dawowa. Ko a kotunan tarayya na Amurka haka abin yake, in takardar da ɓangarorin suka sa wa hannu ba ta fayyace ba, ƙofar dawowa a buɗe take.

A ganina wanda ake bi bashi ya nemi iri na biyu, mai bin bashi kuwa kada ya yarda da shi sai kuɗi sun shiga hannunsa. A rubuta adadin kuɗin da ranar biya da wanda zai ɗauki kuɗin kotu, shaidu su sa hannu, a kai wa magatakardan kotu. In kuwa maganar laifi ce, kamar sata, janyewar mai ƙara ba ta hana mai gabatar da ƙara na gwamnati ci gaba da tuhuma.