Ba a cinikin biri a sama

A gundumomin Madawa, Buza da Keita, cikin jihar Tawa, akwai mutanen da Allah ya ɗora wa sha'awar tara abubuwa. Wani tantabaru yake kiwo, wani ragunan balami, wani kuwa tsofaffin kuɗi yake tarawa, irin su anini da kwabo mai huda na zamanin Turawan Ingila, ko kayan azurfa na maƙeran Abzin. A da, mai irin wannan sha'awa sai ya ci kasuwa, ya ga kaya da idonsa, ya taɓa da hannunsa, dillali yana tsaye, kafin ya kwance bakin jaka. Yanzu ciniki ya koma cikin wayar salula, ta WhatsApp da Facebook, kuma ɓarayi sun bi shi can.

Dabarar macuta ba ta da wuyar ganewa. Sai a nuna hoton tantabara mai kyawun gashi, a ce tana Kano ko Legas, a sa mata kuɗi ƙasa da na kasuwa, a ce wani yana shirin saye, a gaggauta aika rabin kuɗi. Mai sha'awa ya aika jika ashirin ko talatin ta Nita ko Airtel Money, kashegari lambar ta daina shiga. Mai tara tsofaffin kuɗi shi ma yana da tarkonsa. Azurfar Mariya Tereza, wadda ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa, tana ɗauke da shekarar 1780, amma an ci gaba da buga ta da wannan shekara har zamanin nan. Wanda bai san haka ba, zai biya kuɗin tsohon kaya a kan sabon bugu.

Ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa masu katin banki sun fi kowa shiga hatsari, domin asararsu ba ta tsayawa ga ciniki ɗaya. A fuskar kati akwai lambobi 16 da watan ƙarewar aikinsa, a bayansa kuma akwai lambobi 3. Duk wanda ya mallaki waɗannan yana iya sayen kaya ta intanet da sunan mai kati, ko da katin yana cikin aljihun mai shi. Saboda haka ɗaukar hoton kati a aika wa baƙo daidai yake da ba shi mabuɗin rumbu. Haka nan lambar sirri, da lambar da banki ke turowa ta saƙo lokacin biya: babu ma'aikacin banki na gaskiya da ke tambayar su ta waya. Duk mai tambaya ɓarawo ne, kome daɗin bakinsa.

Wasu na cewa magani shi ne a bar cinikin waya ɗungum. Wannan magana ba ta karɓuwa a ƙasar da ƴan ci-rani ke aiko wa iyalansu guzuri daga Abijan, Legas da Libiya ta wannan hanya, kuma manoman albasa na kwarin Tarka da masu saƙar tabarmin Madawa ke samun masu saye da ita. Ba a ƙone rumbu don ɓera. Abin da ya dace shi ne a kai ladubban tsohuwar kasuwa cikin sabuwa.

Ladabi na farko, gani ya kori ji. In kaya na nesa, a nemi ɗan'uwa ko amintacce da ke garin ya je ya gani, ya tsaya matsayin dillali, kuɗi su fita bayan ya shaida. Na biyu, mai son saye ta intanet ya nemi kati na dabam wanda ake zuba wa kuɗin ciniki kaɗai, ya bar katin albashinsa a gida. Na uku, mai sayarwa kada ya saki kaya don an nuna masa hoton rasit. Ya duba asusunsa da kansa, domin ana ƙirƙirar saƙon ƙarya. Na huɗu, wanda ya ga an taɓa kuɗinsa ya kira banki nan take a toshe katin, ya ajiye saƙonni da lambar macucin, ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma.

Nijar tana da doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga watan Yuli 2019, wadda ta tanadi hukunci ga masu aikata laifi ta na'urorin sadarwa. Sai dai doka ba ta kama wanda ba a kai ƙararsa ba. Da yawa daga waɗanda aka cuta sukan yi shiru don kunya, kada a ce magidanci ya yi asarar kuɗin hatsi a kan tsuntsu. Wannan shiru shi ke ba macuci damar cin maƙwabci gobe. Ya kamata mahukunta su karɓi mai ƙara da mutunci ko da asararsa jika biyar ce, sarakuna da gidajen rediyon karkara kuma su riƙa yin shela da harshen da talakawa ke ji.

Babban nauyi yana wuyan waɗanda suka fito daga makarantun yaƙi da jahilci. A ƙauyuka da yawa, dattijo yakan miƙa wayarsa ga yaro ko mai shago, ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi a gaban jama'a, don bai iya karanta saƙo ba. Wanda ya iya karatu ya zauna da irin wannan dattijo, ya koya masa lambobi goma, daga 0 zuwa 9, har ya iya buga lambarsa da hannunsa. Aikin ƴan kwanaki ne, kuma yana iya tsare guzurin shekara guda na gida.